Wuta a Gaban Suhailu

Likita ya ce Lahadi, ƙarfe bakwai na safe. Baba ya ce sai tauraron Suhailu ya fito.

Idonsa na hagu ya riga ya tafi shekara uku da suka wuce, kuma irin wannan taurin kan ne ya tafi da shi. Na dama ne ya rage, shi ma yanar ido ta kusa rufe shi. Likitan bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce in aka bar ranar nan ta wuce, ba wani gurbin sai bayan wata biyar, kuma shi bai yi alkawarin za a tarar da abin cetowa a lokacin ba.

Mahaifina, Haji Miflih, wanda kowa ke kira Abu Ayid saboda ni, ya yi shekara sittin yana bin raƙuma da awaki a kudancin Ma'an kafin gwiwoyinsa su kawo shi wurina a Zarƙa, hawa na uku, inda sararin sama da dare yake kama da ruwan wanke-wanke. Bai taɓa yafe wa garin wannan laifin ba.

"Tunda nake," in ji shi, "ban taɓa ɗora wa raƙumi ƙarfen lalas kafin tauraron nan ya fito ba. Ciwon da aka buɗe cikin zafi ruɓewa yake yi. Yanzu idona ne ya fi cinyar raƙumi arha?"

Ƙanwata Fidda, wadda ta gado bakinsa kaf, ta ce, "Baba, ɗakin tiyatar nan sai ka nemi bargo don sanyi. Akwai na'ura."

"Na'ura ce ke haɗe nama?"

"To ai rediyo ma ya ce Suhailu ya fito tun sati biyu."

"Na mutanen Yaman ke nan, su ci abinsu. Namu daga Rijiyar Hamda ake ganinsa, yana leƙowa ta hagun dutsen nan mai ƙaho biyu, Umm Garnain." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Kai, mai ɗaukar hoton duhu. Je ka kawo mini shi. In na gan shi da idona, su yanka."

Sunan da yake kirana ke nan tun ranar da ya ji cewa bayan hoton amare da nake ci da shi, nakan tafi hamada in kwana ina ɗaukar taurari ba wanda ya aike ni. A ganinsa tauraro abin aiki ne, kamar igiya ko guga. Wanda ya zauna yana ɗaukar hoton guga kuwa, sai a yi masa addu'a.

Fidda ta ja ni kicin. "Ka sauko masa da wani hoton daga intanet mana, mu huta."

Na ce Baba ya san ƙahonnin dutsen nan biyu fiye da yadda ya san haƙoransa, kuma gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai ne dalilina ba. Shekarata arba'in da ɗaya, kuma ranar ce rana ta farko da mutumin nan ya nemi wani abu daga aikina. Murna nake yi kamar yaro, ina ɓoye ta don kada Fidda ta samu abin tsokana.

Na zauna na yi aune-aunena. Daga rijiyar, ba zai yiwu a kama Suhailu ba sai asubahin Asabar. Zai ɗago daga bayan dutse, ya yi kamar minti ashirin a fili, sannan hasken alfijir ya haɗiye shi. Babu wata a sama, wannan ya taimake ni. Asubahin Lahadi kuwa ya kamata a ce muna hanyar asibiti. Dare ɗaya ke nan nake da shi.

Daifallah ɗan baffana ne ya kai ni, don shi ke da a-kori-kura mai iya shiga rairayi. Mutum ne da ba ya iya shiru, ko a jana'iza sai ya sami wanda zai ba labari. Mun bar Zarƙa bayan la'asar ranar Juma'a, muka miƙe titin hamada, yana ɓarar 'ya'yan kankana yana tofar da ɓawon ta taga.

"Wallahi Baffa Miflih ya iya aike," in ji shi. "Wasu a aike su sayen gurasa, kai an aike ka kamo tauraro. In mun kamo shi a bayan mota za mu ɗaure shi?"

Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka sauka daga kwalta. Saura kamar tafiyar kilomita biyu mu isa rijiyar na ce ya kashe fitilun mota. Al'adata ce. Ido yana bukatar rabin sa'a kafin ya saba da duhu, kuma haske ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. Muka lallaɓa a hankali, ina leƙe ta taga ina ce masa dama, hagu, shi kuma yana kiran sunayen waliyyai.

Rijiyar Hamda ta ƙafe tun ina yaro, sai da'irar duwatsu da wata tsohuwar kwatarniyar siminti. Na kafa sandar kyamara mai ƙafa uku a bakinta, na danna ƙafafun cikin ƙasa, na rataya jakar duwatsu a tsakiya saboda iska. Na fuskantar da ita kudu maso gabas. Na nemi tauraro mai haske na juya idon kyamarar da hannu har ya koma ɗigo kamar kan allura, sannan na manne shi da salatif don kada ya motsa. Duk wannan da 'yar tocila ja a bakina, don jan haske ba ya ɓata ido.

"Ba waya," na ce wa Daifallah. "Ba taba. Ba buɗe ƙofar mota."

"Numfashi fa, ranka ya daɗe?"

"A hankali."

Na buɗe kyamara daƙiƙa goma sha biyar don gwaji. Hoton ya fito yadda nake so. Ga ƙahonnin Umm Garnain biyu baƙi ƙirin, ga taurari bisa kansu kamar an watsa gishiri, ba ɗigon fitila ko ɗaya daga nan har ƙarshen duniya. Muka zauna jira. Kaza da 'ya'yanta suka hau can tsakiyar sama. Sau biyu Daifallah yana zabura yana cewa ga shi can, ina ce masa waccan tauraruwar Shi'ira ce, ta daɗe da fitowa, ya koma ya zauna.

Saura kamar minti arba'in tauraron ya fito, wuta ta tashi.

A gabanmu ta tashi, kan wani ɗan tudu, daidai gindin ƙahon hagu, tafiyar da ba ta wuce taku ɗari huɗu ba. Da farko kamar ashana, kafin in rufe baki ta kai tsayin mutum. Na ɗauki hoto ɗaya na duba. Wani jan ƙullutu ya cinye gindin dutsen, haskensa ya mamaye daidai wurin da Suhailu zai leƙo. A duk faɗin hamadar nan, wadda za ka yi kwana uku kana tafiya ba ka ga mutum ba, sai a cikin hotona wani bawan Allah ya ga damar dafa shayinsa.

Ban san na iya zagi haka ba. Daifallah ya saurara har na gama, ya ce, "Masha Allah, ashe kai ma ɗan gidanmu ne."

Matsawa ba ta yiwuwa, don Baba daga bakin rijiya ya ce, kuma zai gane. Na saita kyamarar ta riƙa ɗauka da kanta duk rabin minti, na bar ta, muka nufi wutar.

Bayan tudun akwai kwari, cikin kwarin akwai tantin gashin akuya da garke a kwance, shi ya sa ba mu gan su ba. Wani tsoho siriri ne tsaye a bakin wutar, yana ƙara mata ƙirare da hannu bibbiyu.

"Lale, lale! Allah ya kawo ku! Tun ɗazu na ji kukan mota ba fitila, na yi ta saurare ban ji ta wuce ba. Na ce wa tsohuwa, bayin Allahn nan ko batirinsu ya mutu ko sun ɓace, suna can cikin duhu a ƙofar gidana ni ina kwance. Kun ga wutar sosai ko? Ko in ƙara?"

"Mun gan ta, Baffa," in ji Daifallah. "Wallahi mun gan ta." Ya matso kunnena. "In ka ce masa ya kashe wutar nan, ni ban san ka ba, a hanya na tsince ka."

Ba sai ya faɗa mini ba. A wurinmu in kana son ka yi wa mutum mugun baki na ƙarshe, cewa kake Allah ya kashe wutarsa. Gidan da aka ce wutarsa ta mutu, masu shi ne suka ƙare.

Tsohon ya shimfiɗa mana darduma, ya ce sunansa Suwailim, bai tambayi namu ba. Ya jawo butar gahawa ya kara ta jikin garwashi. Ya tambayi lafiyarmu, da lafiyar waɗanda muka baro, da lafiyar hanya, ya sake komowa kan lafiyarmu. Ni kuwa wuyana ya kusa karyewa don waiwayen gabas. Ƙasan sama ya fara yin toka-toka.

Ya zuba finjalin farko ya shanye da kansa, ya zuba na biyu ya miƙo mini. Na karɓa da hannun dama. Na dube shi, na dubi gabas, sannan na ajiye finjalin a ƙasa ban kurɓa ba.

Daifallah ya yi wani ƙaramin sauti kamar an taka shi. Ban taɓa yin wannan ba a rayuwata, sau biyu kawai na ga an yi, duka a wajen neman aure. Baƙon da ya ajiye finjali da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa ita.

Suwailim ya gyara zama, ya gyara rawaninsa. Na ga daɗi a fuskarsa, wataƙila ya yi shekaru ba wanda ya girmama shi haka. "Sha gahawarka, ɗana," ya ce. "Abin da ka zo nema ka samu, in dai hannuna ya kai."

"Baffa, wutar nan nake so ka kashe."

Har awakin sai da suka yi shiru, ko kuma ni na daina jin su.

"Me na yi wa gidanku?" tsohon ya tambaya a hankali.

Daga bayan labulen da ya raba tantin, muryar wata tsohuwa ta fito. "Wane ne wannan yake mana baƙin fata tun ba a yi sallah ba?"

Sai na kwashe komai na faɗa, a gurguje, ba tsari. Na faɗi sunana da sunan ubana, da idon da ya rage, da Lahadi, da kyamarar da ke can bakin rijiya tana kallon wutarsa maimakon tauraro.

"Miflih?" in ji Suwailim. "Miflih ɗan Gasim, mai taguwar nan da ke cizo? Yana nan da ransa? Kai, gaskiyarsa! Wane mahaukaci ne zai bari a yanka shi kafin Suhailu? Amma ai ya kusa. Shekaranjiya na ji shi a ruwan salka, ya yi sanyi da asuba."

"Yau zai fito, Baffa. Yanzu ma."

"To ka gaya masa Suwailim ya ce ya fito."

"Cewa ya yi sai ya gani."

Tsohon ya dubi finjalin da ke ƙasa, ya dubi wutar. Ya riga ya ce na samu, a gaban shaida, kuma maganar ba ta komawa. Amma ya kashe wuta da hannunsa baƙi na zaune a bakinta, ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don na san tarko na ɗana wa mutumin da ya tashi cikin dare ya ƙone itacensa na sati saboda ni. Duk da haka ban ɗauki finjalin ba.

Daifallah ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na ɗaga kai. Can ta hagun ƙahon, wani ɗigo yana ƙyafƙyafta, ja, fari, ja. Ya fito, kuma mintocina suna ta zuba cikin wutar nan.

Sai aka ji ƙarar ƙarfe. Labulen ya ɗaga kaɗan daga ƙasa, aka turo babban kaskon ƙarfe na gashin gurasa, mai kama da ƙwarya a kife.

"Kifa mata wannan, ɗan tsoho," in ji muryar. "Wa ya ce a kashe? Baƙi sun kwana da yunwa, gurasa za a gasa musu. Ku maza komai sai kun mai da shi shari'a."

Suwailim ya dubi kaskon. Sannan ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Ka ji ta ko? Shekara hamsin ke nan, ban taɓa cin ta a magana ba."

Mu uku muka janye manyan itatuwan muka turbuɗe su a rairayi, muka tara garwashin wuri ɗaya, muka kifa kaskon, muka toshe gefensa da duwatsu. Duhu ya dawo kamar an rufe ƙofa. Tsohuwar ta fito lulluɓe, ta tsuguna, muna jin tafin hannunta tana faɗaɗa ƙullu ba ta ko kallo. Ƙamshin gurasa ya tashi. Mu kuwa muka zauna muna kallon Suhailu yana hawa, Suwailim yana ce masa marhaba kamar wani ɗan'uwansa da ya dawo daga tafiya. Minti shida aka yi haka, wataƙila bakwai, kafin alfijir ya shafe shi.

Na kai hannu zan ɗauki finjalina, tsohon ya riga ni. Ya zubar da shi a ƙasa ya zubo mai zafi. "Ka nemi kashe mini wuta," ya ce, "kada kuma ka je ka ce na ba ka gahawa mai sanyi."

Kyamarar ta yi aikinta. Hoto kusan tamanin mai wuta a ciki, da goma sha biyu masu tsabta. Na tara a cikinsu shi ne mafi kyawun hoton da na taɓa ɗauka, kuma ba yabon kai ba ne: ƙahonni biyu, siririn shuɗi a gabas, da Suhailu zaune ta hagu shi kaɗai, tas.

Bayan la'asar muka iso gida. Ko wanka ban yi ba na haɗa kwamfuta da babban talabijin na falo, na ja labule. Fidda ta kawo wa Baba kujera har gaban gilashin. Na buɗe hoto na tara, na koma gefe na harɗe hannu ina jiran abin da na yi shekara arba'in ina jira.

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya daɗe.

"To kunna mana," ya ce.

Fidda ta toshe bakinta da mayafi. Ashe idon ya wuce inda yake gaya mana. Duk taurarin nan da dutsen da shuɗin, baƙin allo kawai yake gani, kuma ya yi ta ɓoye mana yana lalube cikin gidan da ya haddace. Tsoro ya kama ni, don mutumin nan in ya ce sai ya gani, to sai ya gani.

Ban san abin da nake yi ba, yatsana dai ya hau maɓalli, hotuna suka fara komawa baya. Na takwas, na biyar, na ɗaya. Sai jan ƙullutun nan ya cika gindin allon.

"Tsaya!"

Ya ɗago hannu, ya lalubi gilashin, ya ɗora yatsansa a tsakiyar wutar Suwailim.

"Ga shi nan," ya ce. "Ja, ƙato, ƙasa-ƙasa ta hagu. Ban gaya muku ba? Bana ma ya fi kullum girma." Muryarsa ta sauko. "Ayid, shi ne ko?"

Tauraron yana nan cikin hoton, ɗan ɗigo dishi-dishi, kamar faɗin tafin hannu sama da yatsansa. Fidda ta zuba mini ido.

"Suhailu ya fito, Baba," na ce.

"To a haɗa mini kayana."

An yi aikin ranar Lahadi, bai kai minti arba'in ba. Ya fito yana faɗa wai ɗakin ya cika sanyi. Kwana huɗu bayan nan, da aka rage masa magunguna, ya gama ƙare wa kowa kallo, ya gaya wa Fidda ta tsufa, ya gaya mini na yi tumbi, sannan ya ce a kawo hoton.

Na buɗe masa na tara.

"Wannan ya yi kyau," ya ce, kamar mai yaba shayin maƙwabta. "Amma ba shi ba ne. Wanda na gani nake so."

Na buɗe ɗayan. Daga kan kujerarsa ya kalla, bai matso ba.

"Wane marar hankali ne ya hura wuta a gaban Suhai..."

Bai ƙarasa ba. Ya tashi a hankali ya zo gaban allon. Ya ɗora yatsa kan wutar, daidai inda ya ɗora ranar Asabar, har shatin yatsan nasa na nan a gilashin ba wanda ya goge. Sannan ya ja yatsan sama, sannu-sannu, har ya tsaya kan ɗigon.

"Wutar wa ce?"

"Ta Suwailim. Ya ce a gaishe ka, kai da taguwarka mai cizo."

"Wanda matarsa ta fi shi hankali?"

"Shi."

"Kai kuma ka tsaya kana kallo ubanka yana gaida wutar Suwailim."

"Cewa na yi Suhailu ya fito, Baba. Ya kuma fito."

Ruwa ya gangaro daga sabon idon. Likita dama ya ce zai riƙa yin haka na 'yan kwanaki, don haka na miƙa masa auduga, ya karɓa.

"Wannan za ka wanke mini," ya ce, "babba, ka rataya inda zan riƙa ganinsa daga gado. Mai wutar."

Yana can rataye har yau. Na taran kuwa, wanda na ajiye finjali a ƙasa dominsa, yana cikin kwamfuta, ba wanda ya sake neman ganinsa.